Kwafin da Na Sauke Kafin a Yanke Sabis

Shagon da nake aiki a ciki na mahaifina ne. Da yana raye buhunan albasa yake ajiyewa a wurin, kuma har yau idan aka yi ruwa bango ya jiƙa, warin yana tasowa. Bayan rasuwarsa, da na gama karatun kwamfuta a Sakkwato na dawo Illela, sai Baffa, ƙanensa, ya sa aka share shagon aka yi masa daɓen siminti. Na sa tebur da benci da firinta, aka ɗora mini sola a rufi. Ina buga wa mutane takardu, ina yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Amma aikin da ya fi cin lokacina shi ne shafin intanet na ƙungiyar 'yan albasa da wake, wadda Baffa ke shugabanta.

Ba ni na gina shafin ba. Wani mutum ne a Kano ya gina shi, kuma ban taɓa ganinsa ido da ido ba, muryarsa kawai na sani. Ni aikina kula da abin da ke ciki. Duk ranar kasuwa in sa farashin buhu, in sa hotunan kaya, don masu saye daga kudu su gani kafin su taso. Wannan shi ne abin da kowa ke iya buɗewa. Akwai kuma ɓangaren ciki, wanda sai mai kalmar sirri ke shiga. A nan kowane ɗan ƙungiya yake, da lambar wayarsa, da inda rumbunsa yake, ko a gari ko a Araba ko a Gidan Katta. A nan kuma direbobi ke rubuta cewa mota ta cika za ta tashi, da hanyar da za ta bi, sai saƙo ya tafi wayar masu kaya.

Abu na farko da mutumin Kano ya koya mini shi ne cewa shafi biyu ne. Akwai na gaske, wanda ke zaune a kan wata babbar kwamfuta a can wata ƙasa, ita muke kira saba. Akwai kuma na gwaji, wanda ke cikin kwamfutata ni kaɗai. Ya ce duk gyaran da zan yi, in fara yi a na gwaji, in ya lalace ba wanda ya cutu. Matsalar ita ce nawa na gwajin kusan fanko ne. Sunayen ƙarya kaɗan ne a ciki da hoton buhu guda. Sai in yi gyara ya zauna daidai a wurina, in kai shi na gaske ya watse, haruffanmu masu lanƙwasa su koma alamar tambaya, hotuna su hau kan juna. Na sha roƙonsa ya nuna mini yadda zan kwafo abin da ke cikin na gasken in zuba a nawa. Kullum sai ya ce, "Malama, bari mu samu natsuwa. Ba abin gaggawa ba ne."

A daminar da abin ya faru, gari ya riga ya canza. Kasuwa tana ci, amma da wuri take watsewa. Masu zuwa daga gabas sun ragu, waɗanda ke zuwan kuma ba su tsayawa hira. An daina cewa an tare mota, sai dai a ce wane bai iso ba. Kuma kowa ya san mutanen daji ba sa tare hanya da ka, akwai masu kai musu labari daga cikin gari. Wannan shi ya fi komai ɓata zama. Mutum zai fara magana a majalisa, sai ya dubi wanda ke kusa da shi, ya mayar da zancen kan ruwan sama.

Sai aka fara raɗe-raɗin za a yanke sabis ɗin waya gaba ɗaya, kamar yadda aka yi wa maƙwabtanmu, don a toshe wa masu kai labarin hanya. Ba wanda ya san ranar.

Wata safiya ina share tebur sai ga Baffa. Ba ya yawan zuwa shagon, ina jin yana tuna masa da yayansa ne. Ya zauna a benci, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Ɗiyata, wanga abu namu, ina shi ke zaune?"

Na ce masa a kan saba yake, a wata ƙasa mai nisa.

"In an yanke waya fa?"

"Yana nan inda yake, Baffa. Mu ne dai ba za mu iya kai gare shi ba."

Ya riƙa juya hular a gwiwarsa. Shi mutum ne da ya yi rayuwarsa a bakin iyaka, ya ga an rufe ta kayansa suna ƙetare, ya ga albasa ta ruɓe a mota yana hangen ta.

"To ki ɗauko muna shi gida," ya ce. "Yau. Duka."

Da ya fita na kira mutumin Kano. Na faɗa masa yadda ake ciki, wannan karon bai ce a jira natsuwa ba. Ya ce kaya biyu zan sauke. Na farko rumbun bayanai, wato duk rubutun da ke shafin, da farashi, da mutane, zai fito a fayil ɗaya. Na biyu hotuna, su ne masu nauyi, in rarraba su gida-gida in sauke. Ya bi da ni mataki-mataki har na ga maɓallin fitarwa. Sannan muryarsa ta sauya.

"Ki saurare ni da kyau. In kin zuba a naki, abu na farko ki kashe abin aika saƙo. Kwafin bai san shi kwafi ba ne. Duk ranar da ya ga sabis zai aika wa mutane saƙo kamar na gaske. Na biyu kuma, mutanen. A ƙa'ida ba a ajiye sunayen gaske a shafin gwaji. A can suna da ƙofa da makulli. A wurinki kuwa..."

Layin ya katse. Na sake kira, bai shiga ba.

Na rataye wayata a ƙusar taga, inda ta fi kama sabis, na haɗa ta da kwamfutar, na danna. Wani siririn layi ya bayyana ya fara cika a hankali.

Ban taɓa ganin titinmu kamar ranar ba. Duk wanda ya wuce waya ce a kunnensa. Wata tsohuwa ta tsaya daidai ƙofata tana ɗaga murya, tana gaya wa ɗanta da ke Legas kada ya damu in ya ji shiru, ba mutuwa ta yi ba. Saboda kowa yana kan layi, sabis ya yi nauyi. Fayil ɗin ya kai wajen rabi ya tsaya. Na jira, ya mutu. Na sake farawa daga tushe.

Ina cikin wannan sai wani mutum ya yi sallama. Ba yaro ba ne, ba tsoho ba, fararen kaya masu guga, da ƙamshin turare mai sanyi. Ya miƙo katin shaida ya ce a yi masa kwafi. Na yi, na ba shi. Maimakon ya tafi sai ya zauna a benci, daidai inda Baffa ya tashi, ya ce rana ta yi zafi, bari ya ɗan huta. Daga wurin ana ganin fuskar kwamfutar.

"Allah ya jiƙan Alhaji," ya ce. "Na sha sayen albasa nan ɗakin."

Na amsa da amin. Ban san shi ba, amma mutane da yawa sun san mahaifina.

"Aikin ƙungiya ne kike yi?"

"Gyara ne kawai."

"Na ji an ce za a maido shi gida." Ya yi murmushi. "Dabara ce mai kyau. Ashe duk abin da ke can zai iya shiga cikin wagga 'yar kwamfuta?"

Abin da ya tsaya mini shi ne, da Baffa ya yi maganar ba kowa a shagon sai ni da shi. Wataƙila Baffa ya faɗa a majalisa, na ce wa kaina. Na ɗan juya kwamfutar kamar ina gudun hasken taga. Mutumin ya lura. Ya zauna har aka kira azahar, ya tashi ya yi mini sai an jima. Da na je zubar da takardun da suka lalace sai na ga ya bar kwafin katin nasa a kan benci, a kife. Na ɗaga. Hoton ya fito baƙi ƙirin, ba a gane fuska, sunan ma ya dushe. Ni na yi kwafin, kuma ban duba ba a lokacin.

Rumbun bayanan ya sauka cikakke bayan azahar. Na fara hotuna. Gida na farko ya sauka, na biyu ya sauka. Ana shirin la'asar, na uku yana tsakiya, layin ya tsaya cik. Na dubi wayar da ke rataye. Inda sandunan sabis suke babu komai. Na leƙa waje. Mai shayin tsallake yana ɗaga wayarsa sama yana juyawa. Wani ɗan acaba ya tsaya tsakiyar titi yana kashe tasa yana kunnawa. Ba wanda ya yi ihu. Mutane dai suka riƙa duban juna, suna mayar da wayoyi aljihu.

Washegari na zuba fayil ɗin a shafin gwaji. Na kashe abin aika saƙo kafin komai, na gyara adireshin don kwafin ya daina neman saba, sannan na buɗe.

Sai ga shafinmu, kamar ba abin da ya faru. Ga farashin makon jiya, ga koren launin da Baffa ya zaɓa. Wasu hotunan ba su iso ba, sai fararen akwatuna a gurbinsu. A gefe yana nuna sunayen waɗanda ke kan shafin a lokacin da na danna maɓallin, har da ɗan koren ɗigo kusa da kowanne, wai suna nan. Na daɗe ina kallon ɗigon nan. Na san ba kowa a bayansu, amma duk da haka sai na ji kamar ana kallona.

Sanarwa ta ƙarshe ta wani direba ce, mutumin Kalmalo, mai yawan barkwanci, wanda kan tsaya shagon ya ce in cire masa tumbi a hoto. Ya rubuta cewa ya cika da wake, zai tashi da hantsi, ya faɗi hanyar da zai bi. Ya ƙara da cewa masu kaya su yi masa addu'a, taya ɗaya ta gaji. Kwana biyu bayan haka labari ya zo da baki, tunda ba waya, cewa an ga motarsa a gefen hanya ƙofofi a buɗe, waken yana ciki ba a taɓa ba. Shi da yaron motarsa ba a gan su ba.

A makon farko Baffa ya ji daɗin abin da muka yi. 'Yan ƙungiya suka riƙa zuwa. Wannan yana son a duba masa farashin bara, wancan yana neman a gaya masa ƙauyen da rumbun wane yake don ya aika ɗan saƙo. Shagon ya zama kamar ofis. Ni kuwa kullum tsorona ƙaruwa yake yi. Sai a lokacin na gane ƙarshen maganar da mutumin Kano bai samu ya ƙarasa ba. Abin da ke can nesa bayan makullai, yanzu yana kan teburin katako, a ɗaki mai ƙofar kwano, kuma duk kasuwa ta sani. Na fara tafiya da kwamfutar gida cikin jakar hannu, ƙarƙashin hijabi. Inna ta tambaye ni me ya sa nake sa ta cikin kwanonin tuwo a kabad, na ce saboda ɓeraye.

Mai fararen kayan ya dawo ranar wata Laraba, lokacin da mutane suka tafi kasuwar Ƙonni a ƙetaren iyaka, titi ya yi tsit. Ya gaishe ni da kyau, ya ajiye filashin kwamfuta a kan tebur, sabo fil a ledarsa.

"Akwai kwamitin da aka kafa don taimaka wa jami'an tsaro," ya ce. "Ana son a san 'yan kasuwa na gaskiya, don kada a haɗa su da ɓata-gari. Kwafi kawai za ki sa muna. Ba ya ɗaukar lokaci, ai na ga yadda kike yi."

Na ce kayan ƙungiya ne, sai da izinin shugaba.

"Shugaba ai Baffanki ne. Gida ɗaya."

"To a zo da shi, ko da takardarsa."

Ya gyaɗa kai kamar na faɗi abin da ya dace. Bai ɗauki filashin ba. Ya kai bakin ƙofa ya juyo.

"Ya ƙafar Hajiya? Na ji tun da ta zame bakin rijiya ba ta koma daidai ba. A riƙa gasa mata da ruwan ɗumi."

Inna ta zame ne a tsakar gida, kuma ko maƙwabta ba duka suka sani ba, don ba ta son a zo dubiya. Na tsaya riƙe da gefen tebur har ƙamshin turarensa ya bar ɗakin. Daga nan na rufe shagon, na tafi wurin Baffa.

Na same shi a rumfarsa ana auna wake. Da ya ga fuskata sai ya sallami masu awon, ya ja ni gefe. Na faɗa masa komai tun daga ranar farko. Ya tambaye ni kamannin mutumin, na kwatanta. Ya tambayi tsawonsa, da yadda yake karya hula. Ina faɗa ina ganin fuskarsa tana rufewa.

"Baffa, ka san shi?"

"Wa kika gaya ma bayan ni?"

"Ba kowa."

"To kada ki ƙara." Ya dubi ƙasa. "Ba wani kwamiti. Da an kafa da na ji." Can ya ce, "Wanga abu, ana iya fidda mutane daga ciki a bar sauran?"

Na ce ana iyawa, haka ma ya kamata a yi tun farko. Amma in an cire, an cire ke nan. Ba mu da tabbacin na can yana nan lafiya, kuma ba mu san ranar da za mu sake ganinsa ba.

"Fidda su," ya ce. "Ina nan tahe."

Bayan azahar ya zo, muka tura ƙofa muka bar 'yar kafa don iska. Zan iya share su gaba ɗaya da umarni guda, amma shafin zai karye, domin kowane farashi da kowace sanarwa a ɗaure suke da sunan wanda ya sa su. Don haka sai na maye gurbinsu. Kowane suna ya koma Ɗan Ƙungiya da lamba, kowace waya ta koma sifili, kowane rumbu ya koma Wani Gari. Baffa ya ce yana son ya gani da idonsa, saboda haka na riƙa yi rukuni-rukuni, yana zaune kusa da ni da tabaransa a kan hanci. Yakan karanta suna a hankali kafin ya ɓace. A kan wani ya ce, "Tare muka fara, da jaki." A kan wani kuma ya ce, "Wanga ya rasu, ba a cire shi ba ashe." Da muka zo kan direban Kalmalo, ya ɗaga hannu kawai alamar in wuce.

Sai ga sunan mahaifina. Ban san yana ciki ba. Da aka gina shafin an kwashe tsofaffin 'yan ƙungiya duka an zuba, har da lambar wayarsa da na haddace tun ina makarantar allo, da adireshin rumbunsa, wato ɗakin da muke zaune a ciki.

"Wanga a bar shi," Baffa ya ce. "Mi za su yi mishi?"

Na ce lambar tana hannun Inna yanzu.

Ya cire tabaran ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. "To," ya ce. Na danna.

A ƙarshen jerin akwai masu iko da shafin, waɗanda ke iya ganin komai. Na san mu uku ne: ni, da mutumin Kano, da asusun ofishin ƙungiya. Sai na ga na huɗu. Sunansa Sakatare kawai, kuma an buɗe shi ne tun farkon damina. Na tambayi Baffa ko sakatarensu yana shiga shafin. Ya ce sakatarensu ko saƙon waya jikansa ke karanta masa.

Na goge ainihin fayil ɗin da na sha wahalar saukewa, na goge wanda na ajiye a filashina, na bi duk inda zai iya maƙalewa na share. Amma wancan asusun ba a wurina yake ba. Yana can a na gaske, a buɗe, kuma duk mai iya kama sabis zai iya shiga.

Ranar kasuwa mutumin ya zo karo na uku, cikin cunkoso, shagon da mutane. Ya jira har suka ragu. Ban bari ya yi magana ba, na juya masa kwamfutar. Ya sunkuyo ya karanta. Ɗan Ƙungiya, Ɗan Ƙungiya, Wani Gari, Wani Gari. Ya sa yatsa ya gangara ƙasa da kansa, kamar wanda ya saba.

"Kin yi aiki," ya ce, ba alamar fushi. "Na asalin fa?"

"Yana inda yake. Ba hanya."

"Hanya ai tana buɗewa." Ya ɗauki filashinsa da ke nan tun ranar Laraba, ya sa a aljihu. "A gaida Hajiya."

Washegari da sassafe Baffa ya ɗauke ni a motarsa muka nufi bakin iyaka. Akwai wani tudu da mutane suka gano yana kama sabis ɗin Nijar. Mun tarar da jama'a a kai birjik, kowa ya ɗaga waya sama, wasu suna kuka wasu suna dariya, masu sayar da layin ƙetare suna zagayawa suna kiran farashi da sefa. Na zauna a bayan mota, kwamfutar a cinyata, Baffa ya tsaya jikin ƙofa ya ba taron baya don ya kare ni.

Shafin gaske ya buɗe da ƙyar. Na tafi kai tsaye wurin masu iko. Asusun yana nan, kuma an shiga da shi bayan an yanke mana sabis, ba sau ɗaya ba. Na rufe shi. Na canza kalmar sirrin ofis da tawa. Na kashe sanarwar tashin motoci gaba ɗaya. Sannan na samu mutumin Kano. Da ya ji muryata ya yi hamdala, ya ce ya zaci wani abu ya same ni. Ya duba daga wurinsa ya ce da asusun ofis aka buɗe wancan. Na tambayi Baffa su wa suka san kalmar sirrin ofis. Ya fara lissafawa da yatsu, ya wuce hannu ɗaya, sai ya daina.

"In haka ne, mi ya kawo shi wurinki?" ya tambaye ni a hanyar komawa. "Tunda suna da ƙofa tasu?"

Na ce ban sani ba. Wataƙila ba su ɗaya ba ne. Wataƙila hawa tudu a gaban jama'a ya fi masa wuya.

An daɗe kafin a dawo da sabis. Da ya dawo, ƙungiya ta zauna ta yanke cewa a bar farashi da hotuna, a rushe ɓangaren ciki. Wasu sun yi ƙorafi, musamman matasa, suka ce an mayar da su baya. Ni da mutumin Kano muka yi aikin, a na gwaji tukuna, sannan a na gaske. Tun daga nan direba in zai tashi, mai kayan kawai yake gaya wa, shi ma sai bayan ya kama hanya.

Direban Kalmalo ya dawo wajen kaka. Danginsa ne suka san yadda aka yi. Ya rame har rigarsa tana lilo a jikinsa, kuma ya bar tuƙi, ya koma kamun kifi a tafki tare da ƙannensa. Na so in tambaye shi ko waɗanda suka tare shi sun san da zuwansa, amma da na gan shi sau ɗaya a kasuwa yana riƙe da kwando, ya amsa gaisuwata ba tare da ya ɗago ba, sai na bari.

Mai fararen kayan bai sake zuwa shagon ba. Na sake ganinsa sau ɗaya, bayan shekara ta zagayo, ranar sunan jikan Baffa. Na fito daga cikin gida zan miƙa wa masu rabo tiren goro, sai na hango shi a kan tabarmar manya, a sahun gaba, tsakanin liman da wani dattijon ƙungiya. Ana zuba masa shayi. Baffa yana zaune bai fi taku kaɗan daga gare shi ba, yana amsa barka, bai dubi wajensa ba ko sau ɗaya. Mutumin ya gan ni. Ya ɗan ɗaga kofinsa.

"Malama, ya aiki?"

Na ce alhamdu lillahi. Na ajiye tiren a hannun wanda ya fi kusa, na koma ciki wurin mata.